Gwaggo, Ku Dai Yi Istihara

Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin na yarda in rubuta shi. Sai da na nemi izinin mai shi, ta ce in rubuta amma kada in bar alamar da za a gane ta. Saboda haka ba za ku ji sunan gari ko na asibiti ba, kuma akwai abubuwan da na sauya musu kama da gangan. Laifina ne kaɗai na bari yadda yake.

Ni nas ce, kuma ungozoma. Shekara 3 na yi a makarantar jinya, na ƙara wata 18 a karatun ungozoma, sannan aka turo ni babban asibitin garinmu, garin da aka yanke mini cibiya. Ranar da takardar ta fito Innarmu har waina ta soya ta yi sadaka. Dangi sai murna suke, suna cewa mun samu tamu a asibiti. Ni ma ina ta murna, ban san wurin da ya fi ko'ina wuyar aikin jinya shi ne inda kowa ya san sunan kakanka ba.

Tun muna ɗalibai aka sa mana hula, muka riƙe kyandir muka yi rantsuwar aiki. Malamarmu ta ce asalin irin wannan rantsuwa a birnin Ditiroyit na Amurka aka tsara ta a 1893, aka sa mata sunan Florence Nightingale don girmamawa, kuma a cikinta akwai alkawarin riƙe sirrin mara lafiya da na iyalinsa. Na haddace ta tsaf, irin haddar yaro a makarantar allo: baki ya iya, zuciya ba ta kai ga fassara ba.

A shekarata ta biyu da fara aiki, wani dare cikin hunturu, ina duti a ɗakin haihuwa sai safar hannu ta ƙare mana. Na ɗauki tocila na tsallaka ɗakin mata in aro, don an ɗauke wuta. Ina wucewa ta gaban wani gado da aka ja wa labule bai rufe duka ba, hasken ya faɗa kan fuskar da na sani. Yarinya ce 'yar unguwarmu, budurwa, wadda a gabana ta tashi. Ga ledar jini a rataye, ga mahaifiyarta zaune a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa. Muna haɗa ido yarinyar ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Na ƙarasa teburin nas-nas. Abokiyar aikina ta shiga sito ɗauko mini safar, foldodin marasa lafiya kuwa ga su a jere. Na ga sunan. Na buɗe. Layi uku ne da rubutun likita: zubar jini, wankin ciki, jini leda biyu. Na rufe na mayar inda take kafin abokiyata ta fito. Duka-duka bai kai minti biyu ba. Ba ni ke ba ta magani ba, ba a miƙa mini ita ba, ba wanda ya ce in duba. Na ce wa kaina ai ni ma ma'aikaciya ce a nan, na karɓi safar hannuna na koma.

Kusan shekara biyu ban faɗa wa kowa ba, har ina jin kaina a matsayin mai riƙon amana. Sai dai in mun haɗu a gidan biki ko suna, kallon da nake mata ya canza, ita ma ta sani. Takan durƙusa ta ce, "Anti, ina wuni," idonta a ƙasa, ta tashi da sauri.

Ana nan sai ɗan gwaggona ya ce ita yake so. Magana ta yi nisa, manya sun shiga, har an kai kuɗin gaisuwa. Wata ranar Laraba bayan la'asar Gwaggo ta yi sallama gidanmu. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa. Bayan gaisuwa ta matso ta rage murya.

"Ke 'yar nan, ku da kuke asibiti kowa ta hannunku yake bi. Yarinyar nan da ɗan'uwanki zai ɗauko, babu wani abu dai ko?"

Na yi shiru. Na sunkuyar da kai ina murza bakin zanena. Can na ce, "Gwaggo, ku dai yi istihara."

Ta dube ni na ɗan lokaci, ta ce, "To, na ji." Ta gyara mayafi ta miƙe. Ko ruwan ba ta sha ba.

A daren nan barci na yi mai daɗi, don a ganina ban faɗi komai ba. Istihara sunna ce, wa zai zarge ni don na ce a yi ta? Amma duk Bahaushiya ta san me shirun malamar asibiti yake nufi in an tambaye ta game da budurwa. Kafin mako ya zagayo an fasa auren. Kuma da yake ban ambaci ciwo ba, sai kowa ya cike gurbin da abin da ransa ya raya masa. Wasu suka ce ƙanjamau ne, wasu suka ce cikin shege aka zubar, wasu suka ce an cire mata mahaifa gaba ɗaya. Kowace magana kuma da hatiminta: malamar asibiti ce ta faɗa da bakinta. Mahaifinta ya daina zama a majalisar ƙofar masallaci. Matan lungunsu suka janye ƙafa daga awo a ranakun da nake aiki. Wata mai share mana ɗaki ta ji wata mai ciki tana cewa a bakin ƙofa, in 'yar gidan wane ce a ciki gara ta koma gida.

Metiron ɗinmu, wato shugabar nas-nas, a lokacin dattijuwa ce, Kirista daga kudancin Kaduna, ta kusa ritaya, Hausa a bakinta kamar jakar Kano. Duk asibitin Mama muke ce mata. Ta aika a kira ni, ina shiga ta rufe ƙofa, abin da ba ta saba yi ba. Ta ce mahaifiyar yarinyar ta zo wurinta. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba, tambaya ɗaya ta yi: "Mama, mu talakawa ina za mu kai ciwonmu?"

Na fara kare kaina. Na ce wallahi Mama ban faɗi komai ba, kuma ɗan'uwana ne, ina gani zan bar shi ya shiga abin da bai sani ba? Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Ke kika yi jinyarta?" Na ce a'a. Ta ce, "To ta yaya kika sani?"

Nan bakina ya mutu.

Ta ce, "'Yata, ba a gaban gwaggonki kika fara laifin nan ba. A kan teburin ɗakin mata kika fara shi, daren da kika buɗe abin da ba a ba ki ba. Kuma ko da abin da kika zata haka yake, ba naki ba ne. A hannunmu aka ajiye shi don mu yi magani da shi, ba don mu zaɓa wa 'yan'uwanmu mata ba." Ta tuna mini cewa majalisar da ke ba mu lasisi, wadda aka kafa da dokar soja a 1979, tana da kotun ladabtarwa da za ta iya goge sunan nas daga rajista, kuma da iyayen yarinyar masu ido da kwalli ne da can maganar za ta ƙare. Ta ba ni kwiri, wato takardar tuhuma, na amsa a rubuce, ta ɗauke ni daga ɗakin haihuwa ta mayar da ni ɗakin dafa kayan aiki na wata uku, inda ba na ganin foldar kowa. Da zan fita ta ce akwai abin da ya rage wanda ba ta da ikon tilasta mini, amma na san shi.

Duk da haka zuciyata ba ta sallama ba. Na je wurin Baba, wanda malamin zaure ne, na kawo masa hujjata. Na ce ai Fadimatu bint Ƙais ta nemi shawarar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan maza biyu da suka nemi aurenta, ya faɗa mata aibin kowannensu, kuma malamai sun ce wannan ba giba ba ce. Baba ya ce haka ne, hadisin ya inganta. Sai ya tambaye ni, zama na yi da yarinyar na san halinta, ko kuwa ƙofa aka buɗe mini saboda fararen kayan da ke jikina? Ya janyo mini wani hadisin, cewa idan mutum ya yi maka magana sannan ya waiga, to maganar ta zama amana. Ya ce, "Wanda ya waiga ke nan. Ina ga wadda ta ja mayafi ta rufe fuskarta don ta gan ki?"

Sai da na yi wata huɗu kafin na iya taka gidansu. Bayan isha'i na je, ni kaɗai. Mahaifiyarta ta amsa sallamata a tsaye, ba ta shimfiɗa tabarma ba, ban kuma ga laifinta ba. Yarinyar ta fito, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Na durƙusa a tsakar gidan na faɗi abin da na yi tun daga buɗe foldar, ban rage komai ba. Ta daɗe ba ta ce uffan ba. Sannan ta ce, "Anti, da kin tambaye ni a daren nan da na faɗa miki." Kuma ta faɗa mini, a gaban mahaifiyarta, tana yi tana share hawaye da gefen hijabi. Abin da ta faɗa yana nan inda ta ajiye shi. Ba zan ce muku zatona ya dace ko ya kuskure ba, don wannan ma nata ne. A ƙarshe ta ce ta yafe mini saboda Allah, amma kada in sake zuwa gidansu. Ban sake ba. Bayan wasu shekaru na ji ta yi aure a wani gari.

Lokacin da abin nan ya faru Dokar Lafiya ta Ƙasa ba ta fito ba, sai a 2014 aka sa mata hannu. Da na samu kwafinta, sashe na 26 na yi ta maimaitawa. Ya ce duk bayanin mara lafiya sirri ne: ciwonsa, maganin da aka yi masa, har ma kwanciyarsa a asibitin. Ba a fitar da shi sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu ko wata doka, ko in ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari, sai kuma iyaye ko waliyyi a kan yaro ƙarami da wanda ba ya cikin hayyacinsa. Dokar ta kuma mai da leƙa bayanan mara lafiya ba da izini ba laifin da ake iya ɗaure mutum ko a ci shi tara. Kalmar kwanciyar nan ce ta fi tsaya mini. Ashe ko "na ga wance a asibiti jiya" da muke faɗa a gida da kyakkyawar niyya, don a je dubiya, shi ma fitar da sirri ne. Dubiya abu ne mai kyau, addini ya yi umarni da ita, kuma ba na son ranar da za mu daina ta. Abin da nake yi yanzu, in na ga wadda na sani a kwance, nakan gaishe ta in tambaye ta, "Kina so in faɗa a gida a zo duba ki?" Za ku yi mamakin yawan masu cewa a'a.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne gane cewa ba aibi kaɗai ake rufewa ba, har da lafiya. In an tambaye ni game da 'yan mata tara na ce lafiyarsu lau, ranar da aka tambaye ni ta goma na yi shiru, na gama tona mata asiri. Saboda haka amsata ɗaya ce ga kowa, ko na san mutum ko ban taɓa ganin katinsa ba: ba na maganar asibiti a gida, ko alheri ko akasinsa. Na sha suna a kan wannan. An ce girman kai ne, an ce boko ya ɓata ni, wata yayar Innarmu ta yi shekara ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska. A maimakon haka, duk auren da ya taso a danginmu, na namiji ko na mace, tun kafin a tambaye ni nake cewa su je su biyun a yi gwajin jini: na sikila, na ƙanjamau, na ciwon hanta. Nakan bayyana musu cewa in mai jinin AS, wato mai ɗauke da gadon sikila ba tare da ciwon ba, ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila. Da yake kowa nake faɗa wa, ba wanda zai ce shi na nuna da yatsa. Da jihar Kano ta mai da gwajin kafin aure doka a 2024 na ji daɗi ƙwarai, don ta sauke wa ma'aikatan lafiya da yawa nauyin irin tambayar da Gwaggo ta yi mini.

Kada wani ya ɗauka riƙon sirri yana nufin a zuba ido wani ya cutu. An jarrabe ni a nan ma. Wata matar wani da muke da dangantaka ta zo awo, gwaji ya nuna tana da cuta mai karya garkuwar jiki, kuma wannan karon ni aka miƙa wa ita. Ta riƙe hannuna tana rawar jiki ta ce in mijinta ya ji a ranar zai sake ta. Dokar hana tsangwamar masu wannan cuta, ita ma ta 2014, ta hana bayyana matsayin mutum ba da yardarsa ba, ga shi kuma mijin jinina ne. Na yi darare ban runtsa ba. Abin da na iya shi ne na ɗora ta a kan magani nan take, na zauna da ita duk ranar awo, muna shirya yadda za ta faɗa da bakinta, da wa za ta fara, me za ta ce in ya fusata. Sai a mako na bakwai ta kawo shi. Aka yi musu gwaji tare a ɗaki ɗaya, aka yi musu bayani tare. Da ta haihu aka ba jaririn ruwan nevirapine, maganin kare shi daga kamuwa, na mako 6. Uwar mijin ta tare ni a gidan suna tana tambaya maganin mene ne ake ɗura wa yaro kullum, na ce, "Hajiya, ki tambayi iyayensa." Gwajin da aka yi masa yana wata 18 ya nuna ba ya ɗauke da komai, kuma auren yana nan.

Akwai wata iyakar da na koya da kunya, ta kyauta. Wani Alhaji da muka yi fama da matarsa a kan jijjiga har Allah ya tashi kafaɗarta, ya aiko mini da turmin atamfa mai tsada. Na karɓa, na ɗinka, na sa. Bayan wata biyar ya tare ni a bakin asibiti ya ce, "Sista, ai mun zama ɗaya. Ki ɗan duba mini katinta, ina zargin an sa mata robar tazarar haihuwa ban sani ba." Ikon Allah, a ranar atamfar ce a jikina. Na ce masa wannan magana tsakaninsa da iyalinsa ce, in suna so su zo tare a zauna. Ya dube ni daga sama har ƙasa, bai ce komai ba, amma na ji abin da idonsa ya faɗa, cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tun ranar kuɗi da sutura ba sa shiga hannuna. Amma tsohuwar da ta ƙullo ƙwan zabi biyar ko gyaɗa a bakin zane daga ƙauye don an karɓi haihuwar jikarta, mayar mata da shi cin fuska ne. Nakan karɓa da hannu biyu in yi godiya, in ajiye a teburinmu a gabanta, kowa ya ci har masu shara.

Ƙarin ruwa a gida kuwa na daina tun tuni, ko ga wa. Mutanenmu duk mai farin kaya likita ne a wurinsu, kuma sun ɗauki ruwan leda kamar maganin gajiya. Ba su san mai ciwon zuciya ko ƙoda in aka ɗura masa ruwa ba lissafi huhunsa yake cika ba. Kawuna ya yi fushi da na ce sai dai in kai shi asibiti da kaina, daga baya ya huce.

Yanzu ni ce babba a ɗakin haihuwa, ɗalibai suna zuwa hannuna. Ina hana su tsawa da dukan cinyar mai naƙuda, da baƙar maganar nan da kowa ya san ana yi wa mata a kan gadon haihuwa, don macen da ta tuɓe a gabanka ba ta da abin kare kanta sai tarbiyyarka. Ina hana su ɗaukar hoton jarirai su sa a WhatsApp, ko da 'yan uku ne, ko da Masha Allah za su rubuta a ƙasa. Takardar haƙƙoƙin marasa lafiya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 tana manne a bangonmu, nakan sa su karanta ta. Amma ranar farko labarin foldar nan nake ba su, ba suna, in ce musu nas ɗin da ta buɗe ni ce.

Da na yi niyyar rubuta wannan, na aika wa yarinyar nan saƙo ta hannun wata amintacciya, ban sa ran amsa ba. Bayan kwana tara sai ga kiranta da daddare. Muryarta ta zama ta babbar mace, ina jin yara suna hayaniya a bayanta. Ta tambayi Inna, ta tambayi Gwaggo, na ce Gwaggo ta rasu, ta ce Allah ya jiƙanta. Ta ce in rubuta, ko wata za ta tsira. Har na fara godiya sai ta ce, "Anti, akwai abin da ba ki sani ba, shi ma ki sa. Ƙanwata da ke bi na, a lokacin an sa mata rana. Su ma suka janye, suka ce gidan ne ba sa so. Sai da ta kai shekara 30 kafin ta yi aure. Ita ko allura ba a taɓa yi mata a asibitinku ba, kuma ita ba ki taɓa ba ta haƙuri ba."

Na ce ta ba ni kwatancen gidan ƙanwar. Ta ce sai ta tambaye ta tukuna. Jiya ta aiko da kwatancen, ta ce in je ranar Asabar bayan azahar, lokacin maigidan yana kasuwa.